Rasuwar Mai Ƙaho Biyu ta Gidan Dada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta yi kuka har ta gaji, Adawiyya mai kitso ta unguwar Kolere a nan Mubi, wadda yara ke kira Dada, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa raɓewa a bakin zaurenta yana latsa waya, rasuwar rautar gidanta, wato farin akwatin nan mai rarraba intanet, wadda aka fi sani da Mai Ƙaho Biyu. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shekararta huɗu a duniya, ban da zaman da ta yi a kanti.

Marigayiya ta shigo gidan ne a hannun Shafi'u, babban ɗan Dada, mai buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta. Shi ya ɗauko ta daga Yola a kwali, ya sa mata sim, ya kafa mata ƙusa a saman taga, ya raɗa mata suna Gidan Dada. Duk kwamfutar da ta matso kusa, wannan sunan take gani. Lambar sirrinta kuwa, da biro ya rubuta ta a bangon falo, ƙasan kalanda.

Ba ta da surutu. Iyakar abin da aka taɓa ji daga gare ta shi ne wani siririn "tsiii" in wuta ta zo da ƙarfi. Sauran maganarta da ido take yi, idanu huɗu koraye masu ƙiftawa. Kwamfuta uku ta riƙe ba ta nuna bambanci ba: tsohuwar ta tebur ta Shafi'u, mai shan nata ta waya, laftof ɗin ƙanwarsa Binta, da ta Malama Liyatu ta bayan gida, wadda ke samun rabonta ta kan katanga in ta zauna kusa da randa.

Ta ga abin da mutanen Mubi suka gani. Ranar Larabar da 'yan bindiga suka shigo gari, Shafi'u ya fizge ta daga ƙusa ya cusa a kwanon kayan kitson Dada. Ya raka uwar da ƙanwar har hanyar Maiha, ya ce zai koma ya ɓoye kwamfutarsa ya biyo su. Kwamfutar ya ɓoye ta, an same ta daga baya a madafi ƙarƙashin itace, nannaɗe da leda. Shi ne ba a samu ba, har yau. Marigayiya ta kai garin Sorau a kan Dada, ta yi wata huɗu a gidan mutane ba ta ga wuta ba.

Da aka dawo, aka tarar waɗancan mutanen sun yi rubuce-rubucensu a bangayen gidan. Kamar kowa a layin, Dada ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe falon kaf da hannunta, har sau biyu. Kalanda ba ta nan, babu abin da zai tuna mata. Aka mayar da marigayiya kan ƙusarta, ta buɗe ido, kwamfutocin uku suka gane ta ba su tambayi komai ba. Shi ya sa ba wanda ya sake neman lamba.

Tun daga nan ta kama aikin da ya fi kowanne. Kullum in an karya kumallo, Binta takan kunna ta teburin ta buɗe shafin Shafi'u na Fesbuk, Dada ta jawo kujera ta zauna, su duba ko ya aiko da saƙo, ko ɗigon koren nan ya fito kusa da sunansa. Bai taɓa fitowa ba. Amma sai an duba Dada ke iya taɓa kan kowa. Binta ta sha gaya mata ko a waya ana iya dubawa. Dada ba ta yarda ba. A wurinta Shafi'u ne ya buɗe wannan hanya da hannunsa, in zai aiko, ta nan zai aiko.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Malama Liyatu ta leƙo ta katanga ta ce ita an sallame ta, intanet ya daina zuwa mata. Washegari kwamfutar Binta ta riƙa kamawa tana saki. Ranar uku ido ɗaya ya yi ja. An yi duk abin da aka ce a yi. An cire ta daga wuta an ƙirga talatin an mayar. An zare sim an goge da bakin zani. An sauya wa wayar rami, daga na farko har na huɗu. An ɗaga ƙaho ɗaya an kwantar da ɗaya, an kai ta saman kwaba, an fito da ita tsakar gida, an yi mata fifita da mafici don jikinta ya yi zafi. In ta teburi ta samu, sauran biyun su rasa. In su suka samu, ita ta rasa.

Kwana na takwas aka kira Vandi mai gyaran waya na bakin kasuwa. Ya jujjuya ta ya ce, "Mama, wannan abu sai an shiga cikin shi. Ina lamba?" Dada ta juya ta nuna bango, sai hannunta ya tsaya. Ta ɗauko wuƙa ta yi ta kankara har azahar. Harafi biyu suka fito da rabin wani, sauran suka bi farar ƙasa. Da zai tafi, Vandi ya nuna mata wani ɗan rami a bayan marigayiya, ya ce akwai masu dannawa.

Da safe, Binta na makaranta, Dada ta yi bisimilla ta sa tsinken kitso a ramin ta danna. Idanun huɗu suka mutu, suka dawo. Ta ɗauka sauƙi ne ya zo. Da Binta ta duba, babu Gidan Dada. Wasu haruffa ne da lambobi a wurin, kamar na jikin buhun taki. Duk abin da Shafi'u ya shirya mata a ciki ya goge. Vandi ya dawo yana cewa, "Mama, ni ban ce ki danna ba, na ce akwai rami." Dada ta ce, "Ɗan nan, shekara talatin tsinke na hannuna, da ka nuna min me ka zaci zan yi?" Kwana biyu ya yi yana fama, marigayiya ba ta sake gane kowa ba. Talata ta rufe ido gaba ɗaya. Vandi ya ce zafi ne ya daɗe yana cin ta, ba tsinke ba. Dada ta gode masa. Ita dai ta san abin da hannunta ya yi.

Ta rasu ta bar kwamfuta uku, waya shuɗiya ɗaya, caja, da sim wanda aka ce lafiyarsa ƙalau. Ta bar Dada, wadda har yanzu takan jawo kujera da safe kafin ta tuna.

Za a karɓi gaisuwa a gidan daga Alhamis zuwa Asabar, bayan la'asar. Limamin unguwa ya ce ba a yi wa roba sallah, kuma an ji. Masu sayen gwangwan kada su wahalar da kansu. Masu cewa a sayi sabuwa, an ji tasu, a bar ta haka. Dada ta san a garin nan ba a barin gawa ta kwana, amma ba ita ke da ikon wannan ba. An goge ta, an naɗe ta da farin ƙyalle, an ajiye ta a kan teburin mai ita. Saboda haka duk wanda wannan takarda ta iske, a Yola ko Maiduguri ko ƙetaren iyaka, in ya san wani dogon saurayi mai suna Shafi'u, mai tabon ƙuna a hannun hagu, ya gaya masa rautarsa ta rasu, uwarsa ce ta danna, kuma ba a sa ranar binnewa ba. Shi ake jira.