Yadda Za Ki Bar Ɗakin Taro Ba Ki Ɓata wa Kawu Ba

Idan kika bi waɗannan matakai, na ba ki tabbaci ba za ki taɓa yanke hukuncin da zai ɓata miki abincin Lahadi a gidan kakarki ba. Na karanta dokokin ƙungiya bango zuwa bango, an kuma gwada dabarar a kan wata yarinya, mu ce sunanta Odile, sakatariyar gidan kula da kyanwoyi marasa gata na garinmu a Saskatchewan, ƙasar Kanada. Ba ni ba ce, kama ce kawai.

1. Ki shiga kwamiti bisa kuskure
Odile shafa kyanwoyi ta je yi. Inna Noreen, shugaba, ta gan ta da tabarau da biro, ta ce an samu sakatariya. Kada ki yi musu. Wanda bai iya cewa a'a ba, shi ne ginshiƙin aikin sa kai.

2. Ki gane inda ƙayar take
Rufi yana yoyo a kan jariran kyanwoyi, dusar ƙanƙara kuma tana hanya. Masu rufi biyu ne a garin. Akwai Kawu Gilles, ƙanin mahaifiyar Odile, wanda ya ce sai sanyi ya wuce zai samu sarari, akwai Travis, surukin Inna Noreen, wanda zai iya farawa gobe. Kowa ya san amsar. Kowa kuma ya san Kaka ta riga ta gaya wa mutanen coci aikin na ɗanta Gilles ne.

3. Ki faɗa, ki fice
Doka ta ce mai alaƙa da mai neman aiki ya bayyana, ya bar ɗakin har a gama ƙuri'a. Odile ta miƙe, ta ce Gilles kawunta ne, ta wuce kicin ɗin cocin da suke taro ta zuba kofi. Tunda take ba ta taɓa ƙaunar wata doka haka ba.

4. Kada ki ɓuya inda kofi yake
Ba ta kai kofin baki ba sai ga Inna Noreen da jakarta, ai ita ma surukinta ne. Sai Baba Wendell, dattijon kwamitin, wai Gilles ne ya jawo motarsa daga rami bara. Sauran 'yan kwamitin biyu suka biyo baya: ɗaya tana waƙar coci tare da uwar Travis, ɗayar kuma Gilles ya taɓa nemanta kafin ya yi sanƙo. Kwamiti kakaf ya koma kicin, aka yanka kek ɗin kabewa, kowa na yaba wa kowa gaskiya.

5. Ki yi nesa da mai zuwa jana'iza
Baba Wendell bai taɓa fashin jana'iza ba, don haka ya san tsatson kowa. Ya dubi Odile ta saman kofinsa.
"Tsaya, 'yar nan. Yayarki ba ƙanin Travis take aure ba?"
Ta ce e, a hankali.
"To ai ke kin yi daidai. Kawu a nan, suruki a can, sikeli ya tsaya."
Odile ta ce ba ta ga wannan a cikin doka ba. Inna Noreen ta karɓe mata kofin.
"Dokar ba ta san garin nan ba, ɗiyata. Je ki, muna nan muna miki addu'a."

6. Ki girmama kujeru
Odile ta koma ɗakin ita kaɗai. Ta tambayi kujeru ko akwai mai magana, babu. Ta tuna fuskar Kaka, ta tuna jaririyar kyanwar da ta tarar da safe a jiƙe tana atishawa kusa da bokiti. Ta ce mai son Travis ya ɗaga hannu. Ta ɗaga, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa ko Allah zai sa ta yi kuskure.

7. Ki saba da ƙaramar kujera
Rufi ya daina yoyo kafin dusar farko. Ranar Lahadi Kaka ta nuna mata teburin yara. Kawu Gilles ya miƙa kwanon dankali ta saman kanta, ya ce duk ranar da motarta ta ƙi tashi a sanyi, ta kira kyanwoyin.

Marubuciya ba ta ɗauki alhakin abin da zai biyo bayan wannan shawara ba. Mai ƙorafi ya kai wa kwamiti, zai same su a kicin. Mai nemanta ita kanta kuwa, tana teburin yara, tsakanin tagwaye.