Mati Ya Toshe Yoyo a Garin Zaman-Aro

A wani gari da ake kira Zaman-Aro, babu ɗakin da ba ya yoyo, kuma ba a ɗauki wannan abin magana ba. Mutanen garin iri biyu ne, masu gidaje da 'yan haya. Masu gidajen ba sa kwana a ciki. Sun yi nasu ginin a kan tudu, can bayan rafi, inda ruwa ke sauka ya gangaro ya bar su. Sarkin garin ma, Mai Martaba Bari-Sai-Rani, can yake zaune. Yakan dai leƙo bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya yi wa talakawa jaje daga cikin mota, ya koma.

Akwai wata al'ada a garin da kowa ya sani, ko da yake ba a faɗinta a fili: ɗan haya ba ya gyara. In bango ya tsage, a rataya masa tabarma. In ƙofa ta ɓalle, a tokare ta da turmi. In rufi ya huje, a tafi Kasuwar Tari-Ruwa a sayo roba. Rabin kasuwar nan robobi ne da bokitai da daro, har in an kai amarya ba gadonta 'yan kallo ke dubawa ba, robobinta suke leƙawa. Dalilin al'adar kuwa ba ɓoyayye ba ne: duk gidan da aka gyara ya fi ƙarfin wanda ke cikinsa. Da wannan sanin ake tashi a garin, kamar yadda ake tashi da sanin wuta tana ƙuna.

To, akwai wani mai wankin hula ana ce masa Mati. Haifaffen garin ne, ba zai ce bai san al'adar ba. Sai dai yana tare da mahaifiyarsa, Inna Tasalla, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Kowa a garin in ɗigo ya same shi sai ya ja tabarmarsa gefe ya ci gaba da barci. Ita Inna ba ta iya ja. Inda aka kwantar da ita nan ɗigo ke tarar da ita, ba ta kuma kiran kowa, don ba ta son ta dami mutane. Wata damina Mati ya dawo daga kasuwa ya same ta sharkaf, tana rawar ɗari, tana ce masa ba komai. Da rani ya zo sai ya sauke ruɓaɓɓen kwanon rufin ya buga sabo. Da ya ga hannu ya riga ya shiga, ya liƙe tsagar bango, ya ɗora ƙofa a kan ƙafarta. Daminar da ta biyo baya Inna ta kwana a bushe. Maƙwabta suka riƙa wucewa suna kallon gidan kamar yadda ake kallon gidan da aka yi rasuwa.

Da shekarar haya ta kusa cika, mai gidan, Alhaji Sai-Haƙuri, ya sauko daga tudu. Ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa bango, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa don daɗin da ya ji.

"Mati, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Saboda Inna."

"Allah ya yi maka albarka. Gida ya yi kyau ƙwarai. Ka ga kuwa gida irin wannan ai ba na mai wankin hula ba ne."

Alhaji ya ce shi mutum ne mai tausayi, ba zai faɗi sabon kuɗin haya ba don kada ya kunyata Mati a gaban mahaifiyarsa. Haya dai ba zai sabunta ba, yana son ɗakinsa kafin wata ya tsaya. Da zai fita ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya yi mata doguwar addu'ar samun lafiya, har da ɗan hawaye.

Lokacin kuwa gabas ta fara haɗa hadari da yamma. Neman gida a Zaman-Aro, ko ba a cikin gaggawa ba, aiki ne. Za a tambaye ka ko ana daka a gidanka, ko kana yawan baƙi, ko kana tari, ko kana da niyyar haihuwa. Mati ya shiga lungu ya fita lungu. Duk inda ya ce yana da tsohuwa mara lafiya sai a ce ɗakin yanzun nan aka kama shi. Babban dillalin garin, Ɗan'azumi, ko amsa sallamarsa bai yi da kyau ba.

Sai aka ba shi shawara ya kai kuka Majalisar Tausayin 'Yan Haya. Majalisa ce mai daraja, kuma don kada son kai ya shiga cikinta, an haramta wa ɗan haya zama memba. Shugabanta Waziri Ana-Dubawa. Suka saurari Mati da nutsuwa, wasu ma idonsu a rufe don su fi fahimta.

Kafin ya gama, Sarkin Roba, shugaban masu sayar da robobi, ya miƙe. Ya ce in kowa ya yi abin da Mati ya yi, rabin kasuwa ta mutu ke nan, iyalai da yawa da yoyon nan suke cin abinci. Ya ce shi bai taɓa ganin rashin kishin gari irin wannan ba, a ce mutum ya toshe arzikin jama'a da ƙusa. Aka yi ta ƙus-ƙus, wasu na cewa a ɗaure shi. Amma wani dattijo mai kangaye da yawa a bakin rafi ya raɗa wa Waziri magana a kunne, fuskar Waziri ta washe. Nan take majalisa ta yanke hukunci cewa Mati abin koyi ne. Aka naɗa shi Gwanin Gyara na Zaman-Aro, aka ɗaura masa rawani, aka sa mai shela ya bi unguwa-unguwa yana faɗin aikinsa.

Mati ya yi godiya kamar yadda aka koya masa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, to ina zan kai Inna?"

Waziri ya ce wannan magana ce mai muhimmanci, bai kamata a yi mata garaje ba. Ya kafa kwamiti ya duba ta, ya kawo rahoto bayan damina.

Kada mai karatu ya ce majalisar ba ta yi komai ba. Washegari da safe Mati ya buɗe ƙofa ya ga Ɗan'azumi a tsugune yana jiransa, yana kiransa maigida. Ashe shelar ta kai kan tudu. Duk mai gidan da ya ji ta ya aiko cewa shi a ba shi Mati. Mutumin da jiya ba a buɗe masa ƙofa, yau masu gidaje har cacar baki suke a kansa. Ɗan'azumi ya ɗauke shi a babur, ya ce ko la'ada ba ya so.

Gidan farko ba shi da ƙofa, dillali ya ce iska ce kyauta. Na biyu awaki ne a ciki, ya ce ba su da fitina, an saba da su. Wani kuma bishiya ce ta tsiro a tsakar ɗaki ta fasa rufin, ya ce wannan har da inuwa aka haɗa masa. Akwai wanda suka tarar bango ɗaya ne kawai a tsaye, mai shi yana gefe yana murmushi, yana cewa sauran ukun ai ba za su gagari Gwani ba. Mati ya haƙura har la'asar, sannan ya ce shi fa ɗaki ɗaya yake nema mai lafiya, ko ƙarami ne, inda tsohuwa za ta kwanta.

Ɗan'azumi ya kashe babur, ya juyo ya dube shi da mamaki na gaskiya.

"Maigida, ɗaki mai lafiya ai ba a ba irinka. Me za ka yi a ciki?"

'Yan'uwansa 'yan haya kuwa ba su ce Alhaji ya yi zalunci ba, ba su ce majalisa ta yi ba. Mati suka tsana. Suka ce shi ya jawo masu gidaje sun fara yi musu gori, shi ya ɗaga kai ya fi kowa. Suka daina kawo masa wankin hula. Wani ma ya ce tsohuwar Mati ta fi nasu tsofaffin ne da ba za ta jiƙe ba? Aka yi dariya, kowa ya koma gida ya jera robobinsa.

Ana gobe wata zai tsaya, Mati ya karɓi wani ɗaki na Hajiya Ba-Komai, don shi kaɗai ne bangonsa huɗu suka cika. Rufin dai in ka ɗaga kai da rana kamar kana kallon rariya. Ya ɗora Inna a amalanke, ya lulluɓe ta da zane, ya tura ta har can. A hanya ya yi wa kansa alkawari, ko ƙusa ɗaya ba zai sake bugawa ba. Ya gane karatun. Zai zauna kamar kowa, shekara ta cika a sabunta masa kamar kowa. Sababbin maƙwabta da suka ji haka suka yi murna, suka ce Gwani ya yi hankali.

Ruwan ya sauko da rana tsaka. Mati ya ja gadon Inna zuwa kusurwar gabas, ɗigo ya biyo ta. Ya ja shi yamma, ya tarar can ya fi. Ya kai shi tsakiya, ya tsaya a kanta ya buɗe rigarsa kamar rumfa, ruwan ya bi ta hannunsa ya sauka a wuyanta. Inna ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne.

"Kai wannan, bar jan gadon nan haka. Ai ruwa ne kawai."

Ta faɗa haƙoranta suna haɗuwa. Can sai tari ya kama ta, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji.

Ana cikin haka aka yi sallama. Direban Hajiya ne a ƙarƙashin lema. Ya sauke tsani a ƙofar ɗaki, da sababbin kwanuka, da ƙunshin ƙusoshi, da guduma. Ya ce Hajiya ta ce a gaishe da Inna da jiki, wannan kuma kyauta ce, ba don komai ba. Ya shiga mota ya tafi.

Mati ya tsaya a bakin ƙofa. Tsallaken titi, a rumfar wani shago, ya hango Ɗan'azumi tare da wani baƙo mai fararen kaya. Dillalin yana nuna masa rufin ɗakin Mati da yatsa, yana zana yadda zai kasance, baƙon yana gyaɗa kai. Da suka haɗa ido, Ɗan'azumi ya ɗaga masa hannu cikin girmamawa.

Daga ciki Inna ta sake yin tari, wannan karon ya daɗe bai tsaya ba.

Mati ya sunkuya ya cire takalmansa, domin tsani in ya jiƙe yana da santsi.