Ƙadangaren da na ceta

Ina dawowa daga kasuwar Mafara na tarar yaran unguwarmu sun zarge ƙadangare da zaren buhu, suna jan sa a ƙasa suna tsokalar idonsa da kara. Ban daɗe da gama sakandare ba, ina ji da kaina. Na aje kwanon tumatir, na gyara hijabi, na yi musu dogon wa'azi kan haƙƙin dabba, har masu shago suka fito kallo.

"Ku ba ni shi nan," na ce.

Babbansu, Sanusi, ya miƙo zaren. "Yaya, bi a hankali, hushi shikai."

Na ce ai dabba ta san mai ƙaunarta. Na durƙusa na kwance masa wuya da hannuna. Bai nufi bango ba. Cikin zanina ya shige, ya haura ƙafata.

Ban san na iya tsalle haka ba. Na yi ta ihu ina dirka ƙafa, tumatir ya watse. Da na dawo hayyacina, ga shi ƙarƙashin takalmina, ba ya motsi. Yaran sun wuni da shi bai mutu ba, ni minti ɗaya ya ishe ni.

Kwana uku ban fita ba. Yanzu duk sanda zan wuce sai in ji Sanusi daga bakin garka, ƙofar gidansu: "Yaya, mun kamo wani, ya ƙi mutuwa. Taho ki cece shi."