Jakar Kwalta a Hanyar Arfa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na tashi haiƙan zan koya wa mutanen Makka yadda ake tafiya, ni da ban cika wata biyar a garin ba. Har yau idan na ji warin kwalta ana gyaran titi, gadon bayana ne ke fara ƙaiƙayi.

Farkon shekarun sittin ne, lokacin da aikin Hajji ke faɗowa a tsakiyar zafi. Kafin in zo Makka na yi shekara huɗu a Fanya, wani tsibiri can cikin teku ƙasa da Kalaba, inda Turawan Sifen ke mulki a wancan zamani. Ƙasa ce ta gonakin koko da ruwan sama marar gajiya. Koli na kai can, allura da zare da madubi, ina goye da kayana ina bin barikokin leburori gona-gona. Ban tara abin kirki ba, amma na baro da tabbaci a raina cewa duk duniya babu wanda ya kai ni sanin tafiyar talaka.

A Jarwal na sauka, wata unguwa a Makka, wurin Gwaggo Hansai, yayar mahaifina, wadda ta zo a ƙafa ta Sudan tun ina rarrafe, tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Ba ni da takardar zama, don haka aikin da ya samu shi ne ga-ruwa: garwa biyu a sanda, ka saɓa a kafaɗa, ka yi ta hawan dutse zuwa gidajen mutane. Na tsani aikin nan kamar me. Kafaɗata ta yi kanta, ni kuwa ina ganin mutum irina, wanda ya ga teku ta gabas da ta yamma, bai kamata ya ƙare a nan ba.

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne bencin mai shayi bayan la'asar. Nan nake buɗe makaranta ba tare da kowa ya roƙe ni ba. In ce musu matafiyi riga biyu ta ishe shi, ɗaya a jiki ɗaya tana bushewa. In ce kada ka ci abinci a bakin tasha, bi bayan leburori ka ga inda suke shiga, nan ne tuwon ya fi yawa kuma ya fi araha. Idan za ka hau motar koko, ka taya loda buhu, direba zai ɗauke ka kyauta. Ka riƙe gishiri a ƙulle saboda matsattsaku, kuma kada ka kwana a ƙasa saboda tururuwa. (Babu matsattsaku ko ɗaya a Jarwal, amma ba wanda ya katse ni, shayinsu kawai suke sha.) Babbar hikimata ita ce ta jaka: a samu buhun shinkafa, a ɗaura masa igiya biyu, a goya shi a baya don hannu ya huta, sannan a shafe shi da kwalta ta waje. Haka muke yi a Fanya, ko kwana za ka yi cikin ruwa, ashanarka ba za ta jiƙe ba. Idan na gama sai in miƙe in ce "bamos", wato mu tafi da Sifaniyanci, don dai a san na yi yawo. Daga nan aka sa mini Ɗan Fanya.

A cikin masu zaman bencin akwai Ammi Sale, Bahaushe haifaffen Makka, mutum mai ƙarancin magana, wanda ke kula da alhazan ƙasarmu a madadin wani muɗawwafi, wato mai masaukin baƙi da ke musu jagora. Duk shekara yana da talakawan alhazai da ba sa iya biyan kuɗin mota, sai a haɗa su da ɗan rakiya su taka a ƙafa zuwa Mina, washegari su wuce Arfa. Ranar nan ya ajiye kofinsa ya ce yana da dattawa shida, har da Gwaggo da ke son sake hajji. Idan na kai su Arfa lafiya kafin rana ta karkata, da su da guzurinsu, zai ɗauke ni aiki na dindindin, da ɗaki da abinci.

Wato dai in rabu da garwa. Na ƙudurta a raina ko da rarrafe ne sai na ci wannan jarrabawa.

Kwana biyu kafin tashi na tara dattawan nan a tsakar gidan Gwaggo na sa kowa ya kwance ƙunshinsa. Ni ne alƙali. Wannan a bari, wancan ma a bari. Na raba wani dattijo da turminsa ƙarami na daka goro, na raba wata da kwanonta uku. Na ce kowa ya riƙe salkar ruwansa kawai, guzuri kuwa a haɗa wuri guda, ni zan goya: daƙuwa, gurasa, dabino, garin kwaki. Kowa ya bi, sai Gwaggo. Akwai wani ƙunshi fari da ta ɗora a cinya ta dafe da hannu. Na tambaya, ta ce likkafaninta ne, ta tsoma shi a Zamzam tun shekarar da ta zo, kuma ba ta fita garin nan ta bar shi a baya. Na yi mata bayani mai tsawo kan nauyin banza. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce ai ba ni zan ɗauka ba.

Kwalta ba ta yi wuyar samu ba, don lokacin ko'ina a Makka ana fasa gidaje ana shimfiɗa titi. Na roƙi rabin gwangwani wurin leburori, na shafe buhuna. Da na ga da saura, sai na ƙara masa shafi na biyu, don ni ba na yin abu rabi-rabi. Na rataye shi a inuwa ya daskare, baƙi wuluk yana ƙyalli. Gwaggo ta zo ta danna shi da yatsa.

"Ɗan nan, wannan baƙin abin ya san ranar garin nan kuwa?"

Na ce mata wannan jaka ta ga abin da ya fi rana. Ta ce to, ta koma wurin kaskonta. (Shekara ashirin matar nan tana garin. Ni kuwa cikin sanyi na iso, ban taɓa ganin bazararsa ba. Amma ina, ai ni Ɗan Fanya ne.)

Tafiyar Mina ta yi daɗi, don da sassafe muka fita, kuma jakar ta wuni a gindin wani bango. Mutane har tsayawa suke su kalli namiji da goyo, ni kuwa sai ƙara ɗaga kai nake. Washegari da hantsi muka kama hanyar Arfa, maza cikin harami, zane biyu farare marasa ɗinki, ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa. Nawa alawayyo ne marar kauri, na mai ƙaramin ƙarfi. Ina gaba, dattawa na biye, muna talbiya cikin dubban jama'a.

Kafin mu kai Muzdalifa rana ta buɗe sosai. Na fara jin bayana da ɗumi, na ce zufa ce. Sai na fara jin warin sabon titi, na duba ƙasa, yashi ne zalla. Can na ji wani abu mai zafi yana gangarowa a hankali ta tsakiyar bayana, ya wuce ƙugu. Nan na gane, amma sai na ƙara sauri, don ina lissafin idan muka isa Arfa kafin kowa ya lura, zan san dabarar da zan yi. Na manta cewa wanda ke gaba, kowa bayansa yake kallo. Talbiyar ayarina ta fara raguwa, ɗaya bayan ɗaya. Dattijon nan mai turmi ya yi gyaran murya ya ce, cikin ladabi, Malam Ɗan Fanya, kamar jakarka tana zuba.

Na ce babu komai, haka take yi. Wallahi haka na ce.

Da muka iso wata rumfar mai shayi a gefen hanya, Gwaggo ta ce sai an tsaya. Kuma wa muka tarar a rumfar? Ammi Sale, ya sauko daga motar alhazansa yana jiran ya ga wucewarmu. Na yi niyyar in sauke jakar in gaishe shi kamar ba abin da ya faru. Na zare igiya ɗaya, na zare ta biyu, na saki. Jaka ta ƙi sauka. Tana nan manne a bayana ba igiya ba komai, kamar a nan aka halicce ta.

Ammi Sale ya zagaya ni sau ɗaya. Ya ce, "Esh hada? Mene ne wannan, ya Ɗan Fanya?" Na ce maganin ruwan sama ne. Ya ɗaga kai ya dubi sama, babu ko ɗigon gajimare daga nan har inda ido ya ƙare, ya sake dubana. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Maza biyu suka kama jakar, wani ya riƙe ni ta gaba, aka ce yalla, aka ja. Kwalta ta riga ta ratsa alawayyon ta kama fata. Mayafin kafaɗa ya tafi da jakar, ya tafi da gashin bayana gaba ɗaya, na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ban sani ba shi ne kwaltar da ta gangaro ta haɗe mayafin da zanen ƙugu. Sai ji na yi ƙullin zanena yana warwarewa, zane na bin jaka. Na cafke shi da hannu biyu na durƙushe, su suna ja ta baya, ni ina ja ta gaba, ina roƙonsu da Hausa da Larabci har da Sifaniyanci su dakata. Mata suka juya fuska. Wasu alhazai 'yan wata ƙasa, da ba su san ni ba ban san su ba, suka tsaya suna toshe baki da gefen harami. Ga ni nan tsugune a hanyar Arfa, malamin tafiya, rabin jiki a waje, baƙi ƙirin daga wuya zuwa cinya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har na yi fatan yashin nan ya buɗe.

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kananzir na risho wurin mai shayi ta miƙa wa dattijon nan ya goge mini baya a bayan rumfa. (Kananzir a kan fatar da aka tuge wa gashi, kada Allah ya nuna maka.) Sannan ta kwance farin ƙunshinta, ta zaro ƙyalle biyu, farare sol, babu ɗinki ko ɗaya, ta miƙo ta gefen tabarmar rumfar.

"Ungo nauyin banza. Ka dawo mini da shi kafin in buƙace shi."

Ammi Sale ya ce halas, wato shi ke nan, in shiga mota, zai sa wani ya ƙarasa da dattawan. Nan ne taurin kaina ya yi rana sau ɗaya a rayuwa. Na ce a'a, ni aka ba amanar nan tun daga Jarwal, ni zan kai ta. Na naɗe jakar da haramina da ya lalace, na raba kayan gida biyu, na ari sandar mai shayi, na rataya ɗaya gaba ɗaya baya, na saɓa a kafaɗa. Sak ɗaukar ga-ruwa, aikin da nake gudu. Wannan karon na koma bayan ayari, Gwaggo ce ke gaba, ita ke cewa ga inda za a ratse, ga inda ake samun ruwa. Muka shiga Arfa rana ba ta karkata ba, su shida cif, ba wanda ya faɗi.

Guzurin kuwa, daƙuwa da gurasa duk ɗanɗanon titi suke yi, dabino ne kawai ya tsira. Dattawan suka ci a haka, suna cewa ba laifi, don kada su ƙara mini. Ni kuma na tsaya a Arfa cikin likkafanin gwaggona, baya na raɗaɗi, na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Mutum ya roƙi gafara sanye da likkafani, ai ba ya wasa da baki. Gashin da aka tuge kuwa sai da na yi azumin fansa a kansa.

Bayan Salla Ammi Sale ya kira ni ya ce ya ɗauke ni, ba don sanina ba, don dai ban ajiye kayan ba. Amma da sharaɗi: in ɗauki kaya, in riƙe hannun tsofaffi, shawara kuwa in bar wa wasu. Na yi shekara goma sha ɗaya ina masa aiki. Sunan Ɗan Fanya ya mutu a ranar, Jarwal kaf Mai Kwalta suke kirana.

Likkafanin na wanke shi sau uku, amma akwai ɗan tabo baƙi kamar ƙwayar dabino a gefe guda da ya ƙi fita. Da na samu albashin farko na sayo mata sabon yadi. Ta ƙi karɓa, ta ce nata ya yi tsayuwar Arfa, sabon ina ya je? Shekara tara bayan nan aka sa ta a cikinsa, kuma da muka ɗauke ta na ga tabon ta wajen ƙafa. Ina hawaye, dariya na neman ƙwace mini.

Tun daga lokacin, duk garin da na sauka, kafin in buɗe baki in koya wa kowa komai, sai na nemi tsohuwar da ta fi daɗewa a wurin na nuna mata jakata.