Addu'ar da Na Yi wa Jakunan Dakta Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawa 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba. Shekarar da aka buɗe masallatai bayan kullen korona ce, lokacin da in ka yi atishawa a sahu sai na kusa da kai ya matsa.

Aminina Alhaji Sale, mai fataucin shanu, ya aurar da ɗansa a nan Daura, can bayan Kusugu, ya ce ni zan rufe walima da addu'a. Babbar 'yarsa Rabi, wadda ni na fara rubuta mata allo, ta zo biki daga ƙasar waje inda take bincike. Na tambayi Alhaji Sale irin aikin da take yi.

Ya ce, "Wallahi Malam, ƙwayoyin cuta take kiwo, dangin su korona. A firji ma take ajiye su."

Na yi salati. Na koma gida na tsara addu'a da ajami (ni boko sai ta kama dole), na gyara ta har da ƙafiya.

Da aka ci aka sha, aka miƙo mini lasifika. Na yi wa ango da amarya tasu, sannan na gyara murya. "Ya Allah, ƙwayoyin cutar da ke hannun 'yarmu Rabi, ka kashe su! Manya da ƙanana, kada ka bar ko iri!" Amin ɗin da aka yi sai da rumfa ta amsa. Har Emeka mai kayan gyaran babur ya ɗaga hannu. Na zauna ina jin na burge.

Ina neman takalmina sai ga Rabi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Malam, me na yi maka?"

"Addu'a fa na yi miki, 'yata."

"Ai jakunana ka sa a kashe."

Sai ta yi mini bayani a hankali, yadda nake yi mata tana ƙarama. Ashe ƙwayar cutar cire mata dafi ake yi har ta kasa cutarwa. Ita kuwa ƙwayar gwana ce wajen shiga ƙwayoyin jikin mutum, sai a ɗora mata gyaran abin da aka gada a lalace, ta kai shi ciki kamar jaki da mangala. "Masu sikila muke nema wa sauƙi, Baba. Shekara da shekaru ina horar da su, har wasu masu bincike sun fara aron nawa."

Sikila! Jikata Hafsatu ta faɗo mini a rai, yarinyar da ba a damina sai ta kwanta asibiti. Ga jama'a duk sun ce amin, kuma ban san bakin wa ake karɓa ba.

Na ce, "To yanzu yaya za a yi?"

Tana danne dariya ta ce, "Bashi ne. A gaban jama'a ka roƙa, a gaban jama'a za ka janye."

Tun daga ranar, duk wayar da ta yi wa ubanta sai na sa baki: "Ya jakuna? Suna nan dai?" (Labari ya bazu, har a kasuwa ana tambayata ko ina yi wa awaki irin wannan addu'a.)

Bayan shekara amarya ta haihu. Ranar suna Alhaji Sale ya kira Rabi a waya, ya ɗaga wayar sama don ta ji. Na ɗaga hannu. "Ya Allah, ƙwayoyin cutar Rabi, ka ba su lafiya, ka yawaita su, ka kai su inda aka aike su!"

Wani baƙo daga Mashi ya raɗa, yadda kowa zai ji, "Malam dai ya tsufa."

Alhaji Sale ne ya fara cewa amin, hawayen dariya na zubo masa, sauran suka bi a ɗarare. Daga cikin waya Rabi ta ce, "An biya, Baba Malam. A gaishe da Hafsatu."

Yanzu in aka ce in yi addu'a a kan dabbobin wani, sai na fara tambaya: yankawa ake so, ko kiwo?