Atamfar da ta san hanyar gida

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar sallar da na fara yi bayan na gama bautar ƙasa ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko da yake, in za a faɗi gaskiya, ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwo. Kunya ce kawai. Amma irin wadda mutum zai so ƙasa ta tsage ya shige.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gumel (ba zan faɗi sunanta ba, don har yanzu muna gaisawa da mai makarantar). Albashin dama bai taka kara ya karya ba, ga shi azumi ya raba tsakiya ba a biya mu ba. Kullum sai a ce mu ƙara haƙuri, iyayen yara ba su kawo ba. Su kuwa dangi sun ɗauka na zama wani abu, tunda ni ne na fara kawo digiri gidanmu, kuma suna ganina kullum da rigar da ta sha guga.

Ba kowa nake tsoro ba sai Gwaggo Asabe. Ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a Ɗanzomo, kuma da yake sunan mahaifinsu aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Babana. Shekarar da na kusa barin jami'a saboda kuɗin rajista, ita ce ta sa aka kora tumakinta kasuwar Maigatari. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Wannan rashin gorin ne ma ya fi tayar mini da hankali. Abin da nake gudu shi ne ta dube ni ranar sallah, ta dubi hannuna, ta gane a ranta cewa tumakinta sun tafi a banza.

Ana saura 'yan kwanaki sallah na je Maigatari da niyyar sayo mata turmin atamfa. Na taɓa wannan, na tambayi wancan, na ce wa masu kaya zan zagayo (ina jin sun san ba zan zagayo ba). A ƙarshe abin da aljihuna ya iya ɗauka shi ne 'yar kwalbar man zafi, saboda na san tana fama da gwiwa, sai ƙullin dabino. Na dube su a cikin leda, na ji kamar su ma dariya suke yi mini.

Sai na nufi gidan yayata Hauwa, wadda take aure a nan Gumel, na zayyana mata komai. Ta shiga ɗaka, ta buɗe akwati, ta fito da turmi kore mai zanen ganye, a naɗe tsaf.

"Ungo. Binta ta Gagarawa ce ta kawo mini lokacin sunan 'yata Walida. Ban taɓa shi ba."

Na ce, "Yaya, anya kuwa? Ba na ce haramun ba ne, amma kamar dai akwai ɗan ha'inci a ciki."

Ta ce, "Malam mai digiri, na ba ka, ya zama naka. Ka miƙa mata, ka ja bakinka ka yi shiru. Kar ka yi bayani. Ka ji ko? Bayaninka ne matsalarka."

Na ce na ji. Ban warware turmin ba, don ni a sanina atamfa atamfa ce. Ban san cewa a danginmu akwai turamen da ba a ɗinka su ba, sai dai su yi ta yawo daga suna zuwa biki, daga akwatin wannan zuwa na waccan, kamar su ma zumunci suke yi.

Washegarin sallah na hau acaɓa zuwa Ɗanzomo. Tun a hanya nake bitar yadda zan yi: in gaishe ta, in miƙa, in yi shiru. Da na yi sallama na tarar da tsakar gidan cike da matan dangi an zo yawon sallah, an baje tabarmi, ga cincin ga tuwon shinkafa. Yaya Hauwa ta riga ni zuwa. Can gefe kuma na hango Binta ta Gagarawa, 'yar wan babanmu, tana ba wa ɗanta nono. Na kusa juyawa in koma. Amma na lallashi kaina cewa kamfani ai ba turmi ɗaya yake bugawa ba.

Na durƙusa na gaishe da Gwaggo, na tura ledar man zafin bayana, na miƙa mata turmin hannu biyu.

"Babana, har da wahala? Allah ya yi maka albarka, ya ƙara buɗi."

Matan suka amsa da amin. Daga nan aka ɗan yi shiru, ni kuwa shiru shi ne babban abokin gabata. Sai kawai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"A Maigatari na samo shi, Gwaggo. Sabon yayi ne. Mai kayan ya ce satin nan ya shigo daga Damagaram. Wataƙila ma, ban dai tabbatar ba, ni ne na fara saya."

Yaya Hauwa ta kama tari. Ban waiwaya ba.

Gwaggo ta kai turmin hancinta ta shinshina. Ta sake shinshinawa. Na ga girarta ta ɗan motsa.

"Ikon Allah. Mutanen Damagaram har sun iya haɗin turarena."

(Gwaggo ita take haɗa turaren wutarta da kanta, kuma duk abin da ya kwana a akwatinta sai ya ɗauki ƙamshin. Kowa a dangi ya san wannan. Ni ma na sani. Tsoro ne ya toshe mini hanci.)

Ta ce, "A warware kowa ya sa albarka."

Mata biyu suka kama, aka baje shi a tsakar gida. A kusurwa ɗaya sai ga gurbin da aka yanke, ɗan siriri, bai fi tsawon yatsa ba. Gwaggo ta sa hannu a wuyanta ta zaro makullin akwatinta. A jikinsa akwai ɗan ƙyalle da ya sha datti, amma duk da haka ana ganin kore ne, ana ganin rabin ganye. Ta kwance shi a natse, ta shimfiɗa a gurbin. Ya zauna daram.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon tabarma ba. Na dai san na ƙare wa saƙarta kallo.

"Ni na yanki ƙyallen nan," in ji Gwaggo. "Na bayar a nemo mini mayafin da zai shiga da shi, ba a samu ba, na fasa ɗinkawa, na ba wa Binta." Sai ta juya gefe. "Binta, ba ke kika ce mini kin ɗinka har kin je biki da shi Sule Tankarkar ba?"

Binta ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ciki muka ji muryarta: "Gwaggo, wallahi haihuwar Hauwa ce ta zo mini ba shiri."

Yaya Hauwa ta ce, "To ni me na yi? Ni na ce masa ya yi shiru!"

Gidan ya kaure da dariya, har da masu buga cinya. Ni kaɗai ne ban yi ba, don abin da nake tsoro ya riga ya faru. Na buɗe baki ina in'ina, na ce ba a biya mu ba ne, ba wai makarantar ta ƙi ba, an dai ce mu ƙara haƙuri, kuma ni ban manta da tumakin ba, in sha Allahu...

"Babana, mene ne ka tura bayanka tun ɗazu?"

Na jawo ledar kamar mai miƙa kayan sata. Ta buɗe, ta ba wa jikoki dabinon, ta ɗaga kwalbar ta juya ta. Nan take ta miƙe ƙafa, ta lakato man ta shafa a gwiwa.

"To wannan ne naka. Wa ya gaya maka gwiwar ta tashi?"

Na ce ba wanda ya gaya mini, na ga yadda take miƙewa ne wancan zuwan.

Ta ce, "Tumaki kuwa, da an bar su, da tuni an cinye su a wata sallar. Abin da ya ba ni mamaki, duk shekarun nan a jami'a, ko ƙarya mai kyau ba a koya maka ba."

Aka sake tuntsirewa. Tun daga ranar matan danginmu ba sa kirana da komai sai Sabon Yayi. Har a waya.

Darasin da na ɗauka, in dai darasi ne, shi ne in hannunka bai kai ba ka miƙa abin da ya kai, in kuma an ara maka mutunci, to kar ka yi masa sharhi. Da aka tashi aurena, cikin gudummawar da ta zo daga Ɗanzomo akwai turmi kore mai zanen ganye. Matata ta ce zai yi mata kyau, ta tambaye ni ko ta kai wa tela. Na ce ta ɗan dakata tukuna. Na ji an ce Binta ta kusa haihuwa.