Bustar da Ta Kama Wayata Kaɗai

Akwai wata Lahadi da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Abin da na sa a faifai ranar shi ne busta ɗaya da na riga na kafa, da wasu shida da ikilisiyoyin yankin suka ce za su saya in ta farko ta yi aiki, sai kuma sunana, wanda na shekara goma sha ɗaya ina ginawa a shagon waya a Kafanchan.

Ga wanda bai sani ba, busta ba ta ƙirƙirar sabis. Eriya ce a kan dogon ƙarfe, tana fuskantar ƙarfen kamfani daga nesa, ta ɗebo ɗan abin da ya iso, ta ƙara masa ƙarfi, ta watsa wa na cikin kwari.

Ƙauyen da na yi aikin yana bayan Godogodo, kuma a kwari yake. Mai son kira sai ya hau wani dutse bayan makarantar firamare, tsoho ne ko mai ciki. Baba Bitrus, dattijon ikilisiya, shi ya zo shagona ya ce zumuntar mata sun sayar da citta sun haɗa kuɗin busta. Na ce masa ya ɗauka an gama.

Kwana biyu na yi ina aikin. Na hau rufin coci, na ɗaure eriya, na ɗora sola da batir, na kunna. Sabis ya cika a wayata. Na kira matata, na kira mai kawo mini kaya, har na kira wani da ba ni da maganar yi da shi. Baba Bitrus ya miƙo tasa daga ƙasa. "Oga, ga nawa ma, gwada."

"Baba, a bari sai Lahadi. In kowa ya ɗanɗana yau, bikin ba zai yi armashi ba."

Na kashe na'urar na sauko. (Wannan dabara tawa ce ni kaɗai, ba wanda ya ba ni shawara, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa.)

Ranar Lahadi bayan sujada aka fito da benci waje. Dattawan sauran ikilisiyoyin shida suna sahun gaba. Zumuntar mata suka yi waƙa da kiɗan tulu, Fasto ya yi addu'a ya ɗora hannu a kan akwatin batir. Aka ba ni magana, ni kuwa na sha sabon yadi, na ce daga yau ba mai sake hawa dutse a garin nan. Aka tafa. Na danna makunni.

An zaɓi Mama Saratu, shugabar zumunta, ta fara kiran ɗanta soja. Ta ɗaga waya, ta kawo kusa da ido, ta sake ɗagawa, sannan ta juyo wurina.

"Ɗana, wayana bai kama komi ba."

Na ce ta kashe ta kunna. Ta yi. Sai kowa ya zaro tasa, hannaye sama kamar ana karɓar albarka. Ba ko ɗaya da ta kama. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihu, kuma saboda ruɗewa na ɗauka. Matata ce, muryarta tar, har na sahun baya suna ji: in an tashi in tsaya in sayo doya a hanya.

Wata malamar firamare, Madam Rifkatu, ta tambaye ni cikin ladabi, "Oga, wane layi ne a wayanka?" Na faɗa. Ta ce, "Ai nan ba mai wannan layin. A kan dutsen can ɗayan kamfanin ne yake kamawa, shi ya sa duk gari shi muka saya."

Bustar da na kawo ƙarama ce, ta kamfani ɗaya, kuma ƙarfen kamfanin layina na saita ta. Mutum wajen ɗari biyu ke zaune, ni kaɗai na kafa wa sabis da kuɗin cittarsu.

Fasto ya gyara murya. "To, mun gode wa Ubangiji. Mutum ɗaya dai ya samu."

Mama Saratu ba ta yi dariya ba. Ta miƙo hannu. "Kawo naka ɗin. Na gaya wa yaron zan kira shi yau." Na ba ta. Tana gamawa ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba. Na zauna a bencin dattawa ina kallon wayata tana zagaya coci har katina ya ƙare.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na koma da babbar busta mai ɗaukar kamfanoni duka, cikon kuɗin daga aljihuna, na sake hawa rufi na juya eriya. Tana aiki har yau. Cikin ikilisiyoyi shida, biyu suka saya a hannuna, huɗu suka tafi wurin wani a Gwantu. Ribar da na ci ɗaya ce: yanzu kafin in taɓa tsani, sai na karɓi wayar mafi tsufa a gari na duba layin da ke ciki.